Allon Malam da Takardar Ƙosai

Kafanchan,
Talata, 4 ga Safar.

Zuwa ga amaryata tsohuwa, Inna Tagwai, a Kagarko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta gwiwar nan taki mai sanar da hadari tun kafin gajimare ya haɗu. Yaya damina, yaya gonar citta, yaya awakinki uku da kika fi so a kaina? Idan kin tambayi jikanki kuma mijinki Badaru, yana nan lafiya, sai dai ramar kewarki, wadda ba ta hana shi tuwo malmala uku.

Na rubuto miki da ajamin da kakana Malam, Allah ya jiƙansa, ya koya mana ni da ke, tunda kin ce ba kya jin komai a waya sai ƙugi.

Allon Malam ya iso. Ishmael direba ya miƙo min shi a tasha yana ƙorafi, wai kin hana shi sa shi a but ɗin mota, sai da ya mayar da fasinjan gaba baya ya ba allo kujera. Da na kwance zannuwan nan biyu da kika naɗe shi, Inna, sai da na zauna. Shekara arba'in da zana shi amma jan nan bai dushe ba, koren yana nan, Fatihar da ke sama kamar jiya ya ɗaga alƙalami. Sharaɗinki ma Ishmael ya maimaita min har sau biyu: duk takardar da aka buga da ayar jikin allon nan, kada ko ɗaya ta taɓa ƙasa, ranar da ɗaya ta taɓa in maido miki da kayanki. Na ji, na ɗauka.

Kin tambaya me ya hana ni ci gaba da zanawa da hannu kamar yadda Malam ya koya min. Zayyanar allo ɗaya sati biyu take ci min, ga ciwon baya, ga masu sauka suna ta min sintiri. A Maulidin nan makarantu huɗu ne za su yi sauka tsakanin nan da Gwantu. Idan aka buga zayyanar Malam a inji, ƙananan su zama katin gayyata, manyan a sa su a gilashi a rataye a falo, to na sami sana'a, sunansa kuma ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba.

Amma neman mai bugawa ya fi neman aure wuya. Uku na gwada.

Na farko wani ne a Kaduna, ta waya kawai na san shi. Na tura masa hoto, ya aiko da samfur a mota. Jan Malam ya koma kalar alawar yara, rawayar kamar an jiƙa ta da kunu. Da na yi magana ya ce sai dai in aiko masa da allon kansa. Na ce ya gaida gida.

Na biyu Oga Stanley, kusa da tsohuwar tashar jirgi. Injinsa ya kai girman ɗakinki, shi ke buga kalanda da fostocin 'yan siyasa da takardun jana'iza. Yana da araha idan da yawa za a buga, kuma duk abin da na tambaya amsa ɗaya ce: “Ba wahala, Malam, ba wahala.”

Ta uku Madam Bernice, mai ƙaramin shago a hanyar Gidan Waya, inda ɗaliban kwaleji ke buga takardunsu. Aikinta da kyau, ba zan ɓoye ba, amma da tsada, kuma ta ce guda ashirin-ashirin za ta riƙa yi. Ga tambaya kamar alƙali. Ta ɗora tabarau ta ƙura wa allon ido ba ta taɓa shi ba, ta ce, “Wannan rubutu na sama, akwai sunan Ubangiji a ciki? To wanda ya lalace a inji fa, ina za ka kai shi? Kuma kati, ka san mutane suna yar da shi bayan biki?” Ni na zo bugu, ita ta buɗe min makaranta. Gaskiyar magana kuma akwai tsohuwar tsama a tsakaninmu. Bara na sa mata macijin roba a aljihun takardar injinta, ta yi tsalle har takalmi ɗaya ya fita waje, ɗalibai suna ta dariya. Har yau idan na shiga sai ta ce in nuna mata tafin hannuna biyu.

Saboda haka Stanley na zaɓa. Ki taya ni da addu'a, ki rage yaji a miya.

Ki gaida su Goggo da awaki.

Naki har kullum,
Badruddeen.

*

Kafanchan,
Juma'a, 21 ga Safar.

Zuwa ga uwargida kuma amarya, Inna Tagwai.

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, ruwan nan bai shiga ɗakin baya ba. Na ga ƙuli-ƙuli, na gode, ko da yake na lura Ishmael ya karɓi nasa kason a hanya.

Inna, idan kin ji an ce na yi furfura kafin ki ƙara ganina, Oga Stanley ne. Ya ce kwana uku, yau kwana goma sha bakwai. Ranar farko babu wuta. Ta biyu akwai wuta babu tawada. Ta uku wani babban mutum ya rasu a ƙauye, aka ture aikina aka hau buga takardun jana'izarsa. Na haƙura, mutuwa ce. Washegari kuma aka kawo fostar wani mai neman kansila, fuskarsa kamar an hura balan-balan, shi ma ya shige gabana. Kullum ina zaune a kan benci, ƙarar inji a kunne, warin tawada a hanci, “ba wahala” tana bina har cikin barci.

Da aka zo kan nawa sai wata sabuwa. Wuƙar yankansa ta cinye gefen zayyanar, ƙananan hasumiyoyin nan da Malam ya jera a baki duk ta fille musu kai. Na nuna masa, ya ce wa zai lura? Na ce kakata za ta lura, daga Kagarko ma za ta hango. Sai da muka yi rabin yini muna musu kafin ya yarda ya rage girman hoton.

Wani abin da ban sani ba sai yau shi ne, irin wannan babban inji ba ya fara fitar da kala daidai. Sai ya ci takardu da yawa tukuna, wata ta fito ja ya yi yawa, wata kore ya malale, har tawadar ta zauna. Ina tsaye ina kallo Fatiha tana fitowa tana fitowa. Na tare su da hannuna, ban bar ko ɗaya ta sauka ƙasa ba, na ƙirga su da kaina, saba'in da uku. Na ce wa Stanley waɗannan ba shara ba ne, nawa ne, zan kai wa limaminmu a ƙona su yadda ya kamata. Ya ce ba wahala, ya ɗaure su da igiya ya ɗora a kan kabad. Kin ga mijinki akwai hankali.

Masu kyaun kuwa sun fito, ba laifi. Jan bai kai na Malam ba, amma ya yi kusa, kamar dai ni da shi a wajenki. Ya ce su sha iska su bushe zuwa Litinin.

Don in huce haushin kwana goma sha bakwai, da zan fita na ɗauke tabaraunsa daga kan tebur na sa wa hoton mai neman kansilar nan da ke jingine a ƙofa. Na laɓe a bayan mai shayi ina kallonsa yana lalube, yana zargin kowa, tabarau na kallonsa daga fuskar kansila. Da ya gano ya biyo ni da tsintsiya, na haye acaɓa ina dariya har unguwarmu. Sai da na sauka na tuna ƙunshin yana can a kan kabad. Ba komai, babu mai hawa can, ranar Litinin zan haɗa duka in ɗauko.

Ki gaida kowa da kowa. Ki tanadi bango, na farko naki ne.

Mijinki na ƙwarai,
Badaru.

*

Kafanchan,
Talata, 25 ga Safar.

Zuwa ga kakata, Inna Tagwai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lafiya. Sauran kuma ki zauna kafin ki karanta, kuma wallahi Inna wannan karon ba tsokana ba ce.

Jiya da safe ina hanyar shagon Stanley na tsaya wajen Maman Keziya, mai tuyar ƙosai a shataletale. Ta ƙunsa min, na karɓa, ina buɗewa na ga jan Malam. Mai ya ratsa takardar, yaji ya zube a kan hasumiyoyin, Bisimillah tana ƙarƙashin yatsana. Na duba gefen kaskonta, ga sauran a jibge an danne da dutse.

Ashe duk Asabar akwai mai zuwa ya kwashe tarkacen takardun shagon Stanley a kan sikeli, ya rarraba wa masu ƙosai da gyaɗa da tsire. Ya haɗa har da na kan kabad. Stanley yana wurin, ya manta. Ni kuma da ya kamata in ɗauke su tun ranar Juma'a, na tsaya wasa da tabarau.

Na ce wa Maman Keziya ta taimake ni ta daina ƙunshi da su, ayar Alƙur'ani ce. Ta dube ni ta kece da dariya. Ta ce, “Badaru, yau kuma da wannan ka zo? Ba kai ka ce min duba-gari suna zuwa ba, na gudu da kasko mai zafi har bayan coci? Ka ci ƙosai naka ka ba ni wuri.” Na rantse, ta ƙara dariya. Mai gyaɗar kusa da ita ma dariya, 'yan acaɓa dariya, suna jiran su ga inda wasan zai ƙare. Ina tsaye ina kallo ta yagi wata ta ƙunsa wa wani ya tafi. Ban taɓa jin haushin bakina irin na jiya ba. Duk garin nan babu wanda ya yarda ina iya faɗin gaskiya.

Kuma kin san garin nan, Inna. Kin san abin da takarda ɗaya irin wannan za ta iya jawowa idan wani mai zafin kai ya tsince ta a kwata, a gaban baiwar Allahn da ba ta ma san me ke jiki ba. Ba alkawarinki kaɗai nake tunani ba a lokacin. Ga hadari kuma ya haɗo ta gabas.

Ana cikin haka Madam Bernice ta sauko daga Keke za ta sayi ƙosai. Ta dubi fuskata, ta dubi takardar hannuna. Na sa ran ta ce ai na gaya maka. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, “Yaron nan ba ya dariya. Ban taɓa ganin shi ba ya dariya ba.” Ta juya ta yi wa Maman Keziya magana da yarensu, gajeriya. Nan take dariyar ta ɗauke. Matar nan ta goge hannu a zani, ta ɗage dutsen, ta miƙo min takardun da hannu biyu, tana ta cewa ba ta sani ba, Allah ya gani ba ta sani ba. Na ce na sani Mama, laifina ne.

Madam ba ta buɗe shago ba jiya. Ta kira matan zumuntarsu ta majami'a a waya, da yawansu masu tuya ne da masu gyaɗa, ta gaya musu kalar takardar. Muka nemo mai sikelin ya lissafa mana waɗanda ya sayar wa. Muka bi kasuwa, muka bi tasha, muka bi bakin asibiti, ni da ita, ruwa na dukanmu, ta ba takardun lemarta ita tana jiƙewa. Wata tsohuwa mai gyaɗa ta riga ta nannaɗe nata ta cika su, ta zauna ta warware su ɗaya bayan ɗaya ta juye gyaɗar a faranti, ta ƙi karɓar ko sisi. Waɗanda aka raba biyu muka riƙa haɗa su kamar masu ɗinki.

Ba zan ɓoye miki ba. Tara a ƙasa muka tsince su. Biyu a cikin kwata, na sa hannu na ciro.

Stanley da muka je ya kama kai, ya ba da haƙuri, ya fito shi ma ya taya mu nema. Ba mugun mutum ba ne, shi dai a wajensa takarda takarda ce. Ko sau ɗaya bai ce ba wahala ba jiya.

Zuwa la'asar mun haɗa saba'in da biyu. Liman ya ƙona su a bayan masallaci, muka binne tokar a wuri mai tsabta. Saura ɗaya, ban san inda take ba. Ko ruwa ya tafi da ita, ko tana wani juji, ko tana hannun wanda nake tsoro.

Na iya yin shiru, Kagarko da nisa, ba mai gaya miki. Amma sharaɗi sharaɗi ne. Ga allon nan na ba Ishmael, na naɗe shi da zannuwanki yadda kika aiko shi, na biya masa kujerar gaba. Masu kyaun da aka buga na kulle su a akwati, ban sayar da ko ɗaya ba. Ki yafe min. Idan kin je gaida Malam da addu'a, ki sa ni a ciki.

Jikanki,
Badruddeen.

*

Kafanchan,
Lahadi, 1 ga Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga Inna Tagwai, tsohuwar da ta fi ni iya tsokana.

Assalamu alaikum. Barka da shigowar wata. Ina gaida gwiwa, ina gaida awaki, ke kuma gaisuwarki sai na yi shawara, don kin ci min mutunci a tasha.

Kafin nan, albishir. Ta saba'in da uku ta fito. Ranar Alhamis Maman Keziya ta zo har ƙofar gidanmu da ita a cikin leda, ko lanƙwasa babu. Ashe tun daren da aka kawo mata takardun ta zare guda ɗaya ta liƙa a bangon ɗakinta sama da gado, wai ta yi kyau da yawa a ƙunsa ƙosai da ita. Ranar da muke nema kunya da tsoro suka hana ta faɗa. Ta ce kwana uku ba ta sami sukuni ba. Ta tambaya ko akwai irinta marar rubutu, zanen kawai, tana so ta saya ta mayar a gurbin. Kin ji mai sayena ta farko.

Sai jiya aka ce min Ishmael ya iso da saƙo daga wajenki. Na ruga tasha, na hango zannuwan nan biyu a kujerar gaba, na miƙa hannu. Mutumin nan ya ɗaga gilashi! Ya ce an ce kada a ba ni. Ya ja mota, na bi shi a kan acaɓa kamar mai bin ɓarawo, 'yan tasha na ihu, har ƙofar shagon Madam Bernice. A can ya sauke allon ya miƙa mata, da 'yar takardarki a maƙale.

Madam ba ta karanta ajami, Ishmael ma haka. Duk shagon ni kaɗai ne mai iyawa. Ta miƙo min ta ce in karanta. Na duba na ga abin da kika rubuta. Inna, Shaiɗan ya zo min da kyakkyawar shawara, in ce kin ce a ba Badaru allonsa a kuma saya masa lemo. Babu mai kama ni. Na buɗe baki, sai na tuna dariyar shataletale. Na karanta mata yadda yake, a gaban ɗalibai biyar: “Baiwar Allah, na gode. Ki riƙe allon nan a wajenki. Mijin nan nawa hannunsa na da kyau, kansa ne bai nuna ba. Kada ya taɓa shi sai kina tsaye.” Ɗalibai suka kwashe da dariya. Madam ta ce in maimaita wajen kan, ba ta ji sosai ba.

To yanzu ga yadda muka tsara. Katin gayyata zayyana kawai za a buga, babu aya, tunda yar da shi ake yi bayan biki. Abin da ta gaya min ke nan tun ranar farko na ce ta cika tambaya. Masu Fatiha manya ne kaɗai, kuma ba sa barin shago sai a cikin gilashi. Na wajen Stanley ma haka za a yi da su. Ta nuna min wata tsohuwar akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin tebur, inda take ajiye lalatattun takardun majami'a masu ayoyin Littafinsu, ba ta taɓa ba mai sikeli ba. Ta sayo ta biyu, tawa, mabuɗin yana wuyana.

Tsadarta tana nan, jinkirinta yana nan. Jiya guda shida kawai muka fitar, uku ta ce jan bai yi ba a sake, alhali ni na ce ya yi. Sauka saura kwana goma sha ɗaya, ban san ko za mu kai ba, kuma har yanzu sai na nuna tafin hannu kafin in shiga.

Ga ta farko nan a gilashi na ba Ishmael. Ki duba hasumiyoyin, duk da kawunansu. Ki rataye ta inda awaki ba sa kaiwa.

Ki gaida su Goggo. Madam tana gaishe ki, ta ce in rubuta da kyau, za ta sa liman ya duba ko na rubuta.

Naki, mai kan da bai nuna ba,
Badaru.